Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaba Bola Ahmed Tinubu: a nuna mana lissafin kuɗin tallafin mai

Mai girma Shugaban Ƙasa,

Muna gaisuwa da fatan alheri, Allah ya ƙara lafiya da basira. Masu wannan wasiƙa mazauna Kaduna ne: dillalan hatsi, manoman damina da na rani, masu ƙananan masana'antu, akantoci da lauyoyi. A cikinmu akwai waɗanda suke cikin mutum 399,293 da suka ba ka ƙuri'a a jihar nan a zaɓen 2023, akwai kuma waɗanda suka zaɓi wasu. A wannan shekara ta 2025 da ka cika shekara biyu a kan mulki, mun ga ya dace mu isar maka da abin da ake faɗa a Kasuwar Barci da tashar Kawo da Fanteka da Kakuri, tare da lissafin da ya haifar da maganar, domin ba kasafai na kusa da mai mulki suke kawo masa irin wannan ba.

Tambaya biyu ce ke yawo a bakin jama'a. Ina kuɗin tallafin man fetur ya shiga? Wane babba aka ɗaure? A wurin talakan Kaduna tambayoyin nan abu ɗaya suke nufi. An ce masa ya yi haƙuri saboda ɓarayi ne ke shan tallafin. Ya yi haƙurin, amma har yau ba a nuna masa kuɗin ba, ba a kuma nuna masa ɓarawon a gidan yari ba.

Ba mu musanta cewa tsohon tsarin ya ruɓe ba. A 2022 kaɗai tallafin ya lashe sama da naira tiriliyan 4, kuma kowa ya san tankokin da ake lodawa da sunan garuruwan Arewa suna tsallakawa Nijar da Kamaru da Benin. Haka ma canjin kuɗi: mai hanya ya karɓi dala a Babban Banki kan naira 460, ya juya ya sayar a kasuwar bayan fage kan 750, bai shigo da ko allura ba. Duk wanda ya hau kujerar nan dole ya taɓa waɗannan abubuwa biyu. Inda muke da ja shi ne yadda aka jera su. Ranar 29 ga Mayu, 2023 ka sanar da ƙarshen tallafi a jawabin rantsuwa, lita ta tashi daga wajen naira 195 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Ranar 14 ga Yuni, kwana 16 kacal bayan haka, Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. To, a lokacin duk fetur ɗin da ake sha daga waje ake shigo da shi, da dala ake biya. Saboda haka duk faɗuwar da naira ta yi, sai kuɗin shigo da lita ɗaya ya ƙaru, farashin gidan mai kuwa aka riƙe shi a wajen naira 617 tun daga Yulin 2023 har tsawon fiye da shekara. Wa ke cike giɓin? A 2024 kamfanin NNPC da kansa ya amsa cewa yana sayar da man ƙasa da kuɗin da ya shigo da shi, kuma bashin masu kawo masa mai ya taru a kansa. Wato tallafi ya dawo a ɓoye, ba ya cikin kasafin kuɗi, Majalisa ba ta amince da shi ba, talaka kuma yana biyan ninki uku na tsohon farashi yana zaton an gama. Sai ga wani ƙarin a jere: naira 897 a Satumban 2024, sannan 1,030 a Abuja cikin Oktoba.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi tana kashi 22.41 cikin 100 a watan da ka hau, ta kai kashi 34.80 a Disamban 2024, ta abinci kuwa ta haura kashi 40 a tsakiyar shekarar. A Janairun 2025 adadin ya koma kashi 24.48, amma hakan ya biyo bayan sauya shekarar da ake auna farashi da ita da kuma kayan da ake lissafawa. Muna roƙon masu magana da yawunka su daina kawo wannan saukar a matsayin sauƙi, domin matar da ta je awo ta san mudu bai sauka da kashi 10 a wata ɗaya ba, kuma irin wannan magana tana zubar da darajar sauran alƙaluman gwamnati har da na gaskiya.

Ga lissafin albashi, wanda kowane masinja a sakatariya ya iya. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 yana sayen lita 154 ta fetur a kan naira 195. Sabon na naira 70,000 da ka sa wa hannu a Yulin 2024 ya sayi lita 68 a kan 1,030. Da dala, na farko ya kai 65, na biyu bai cika 50 ba. Jihar Kaduna ta sa nata a 72,000, bambancin bai sauya lissafin ba. Mafi yawan mutanen jihar ma ba su da albashin da za a ƙara musu.

Ranka ya daɗe, akwai masu cewa manyan motocin dakon abinci man gas suke sha, shi kuwa an daɗe da sakin farashinsa, don haka cire tallafin fetur bai isa ya tada farashin abinci ba. Wanda ya faɗi haka bai bi buhu daga gona ba. Kafin masara ta hau tirela a Saminaka ko Pambeguwa ko Giwa, babur ne ya kai manomi gona, ƙaramin inji ne ya casa ta, a-kori-kura ce ta fito da ita daga ƙauye, kuma mafi yawansu fetur suke sha. Noman rani ya fi jin jiki. Injin ban ruwa mai inci 3 yana shan lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa. Tumatir yana son ruwa duk bayan kwana uku ko huɗu har kusan wata uku. A ƙaddara manomi a bakin Galma ko fadamun Ikara da Soba zai yi ban ruwa sau 25, kowanne awa 6: awa 150 ke nan, aƙalla lita 150. A tsohon farashi bai cika naira 30,000 ba. A naira 1,000 ya zama 150,000, kafin a yi maganar iri da taki da feshi da kwando. Abin da manomi ke yi shi ne ya rage fili, ko ya tsawaita kwanakin da ke tsakanin ban ruwa. Tumatir kuwa idan ya sha ƙishi lokacin fure sai furen ya zube, wanda ya ƙulla kuma ya tsage idan ruwa ya zo masa da yawa bayan bushewa. Daga nan kwando ke tsada a Kaduna da Legas.

Masara ta fi wannan nauyi a wurinmu, domin Kaduna tana sahun gaba a nomanta, kuma masu kiwon kaji da kamfanonin abincin dabbobi a kanta suka dogara. Hekta ɗaya, idan za a yi mata yadda malaman gona suka tsara, tana buƙatar buhu 8 na takin NPK 15-15-15 da kusan buhu 3 na yuriya. Biyu daga cikin sinadaran NPK daga waje ake sayo su da dala. Yuriya a gida ake yin ta, a Fatakwal da Legas, amma masu yin ta suna da kasuwa a ƙetare, don haka farashinta ma dala yake bi. Maganin ciyawa da na tsutsa kusan duk na waje ne. Manomi ba ya duba farashin taki shi kaɗai; abin da yake aunawa shi ne buhun taki nawa buhun masara ɗaya zai saya masa. A Yulin 2024 gwamnatinka ta ɗage harajin kwastan na kwana 150 a kan masara da shinkafa da alkama da wake da ake shigo da su. Mutanen gari sun ji daɗin saukar hatsi, mu ma ba mu ƙi ba, domin yunwa ta kai maƙura a lokacin. Sai dai hatsi ya sauka, taki bai sauka ba. Wanda ya noma da tsada ya sayar da araha ba zai maimaita ba: zai koma waken soya ko dawa da ba sa cin taki sosai, ko ya zuba rabin abin da gona ke so ya samu rabin amfani. Ƙarancin da wannan zai haifar sai bayan shekara ɗaya ko biyu zai bayyana. Maganinsa sananne ne. Gwamnati ta sanar da farashin da za ta sayi hatsi tun kafin shuka, ta saya da kaka ta zuba a rumbunanta, ta fitar tsakanin Yuni da Agusta lokacin da abinci ke yanke wa mutane. Tan 42,000 da aka ba da umarnin fitarwa daga rumbunan a Fabrairun 2024 ya nuna yadda ajiyar ta yi ƙaranci a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200.

Takin gwamnati kuma lokaci ke kashe shi. A Maris na 2024 Babban Banki ya miƙa wa Ma'aikatar Noma buhu miliyan 2.15. Masara tana son zubi na farko cikin mako biyu da shuka, na biyu a mako na biyar zuwa na shida. A nan ana shuka daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, saboda haka takin da ya iso ƙauye a Agusta ya riga ya makara, kasuwa zai koma. Idan kuma jerin sunayen masu karɓa daga hannun 'yan siyasa ya fito, to tun a takarda aka karkatar da shi. An taɓa gwada aika wa manomi saƙo ta waya ya je wurin dillali ya karɓa da rangwame a 2012. Tsarin yana da nasa matsaloli, musamman jinkirin biyan dillalai, amma ya rage hannayen da ke tsakanin taki da gona. Yau da akwai lambar NIN, gyara shi ya fi sauƙi.

Game da tsaro, mun shaida an samu sauƙi a hanyar Birnin Gwari tun ƙarshen 2024, kasuwar shanu ta dawo ci, wasu gonaki da aka ƙaurace musu an koma. Amma ba a manta da ɗaliban Kuriga da aka kwashe ranar 7 ga Maris, 2024 ba, ko mutanen Tudun Biri da harin jirgin soja ya hallaka a Disamban 2023. Duk inda manomi zai biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, kuɗin a kan mudu yake ƙarewa. A kudancin jihar, cutar da ta ruɓar da citta a 2023 ta durƙusar da Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a, kuma abin da ya fi damun manoman yanzu iri ne mai lafiya, tunda hekta ɗaya tana cin kusan tan biyu na iri.

Masu sana'a a cikin gari wuta da kuɗin ruwa ne suka matse su. Ranar 3 ga Afrilu, 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga naira 68 zuwa 225 kowane kilowat, bisa alkawarin awa 20 a rana; daga baya aka ɗan rage. Mai walda ko mai ƙanƙara zai iya jure farashin idan awa 20 ɗin ta tabbata, domin janareta ya fi tsada. Abin da ke kashe shi shi ne ya biya kuɗin rukunin A, ya kuma sayi mai. A Oktoban 2024 mafi yawan Arewa ta kwana a duhu fiye da mako guda, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan ɗaya layin da ke biyowa ta Benuwai ya faɗi. Yanki mai jihohi da dama bai kamata ya rataya a kan layi biyu ba. Tashar wuta mai megawat 215 da ke Kudenda, wadda aka ba da kwangilarta tun 2009, ta isa ta riƙe masana'antun garin nan da an kammala ta an ba ta gas. Gas ɗin kuma yana jiran bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar a 2020. Shi ne kuma zai sa shirin motoci masu amfani da iskar gas ta CNG ya yi ma'ana a nan, domin direban keke ba zai sauya injinsa ba idan zai yi rabin yini a layin shan gas.

Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kashi 18.5 zuwa 27.5 don ya tare hauhawar farashi. Mun fahimci dalilin. Amma bankunan kasuwanci suna ba da rance a wajen kashi 30, kuma sun fi son su ba gwamnati bashi su kwanta da riba ba tare da fargaba ba. Mai injin gyaran shinkafa dole ya sayi shanshera da kaka ya ajiye ta wata shida; kuɗin ruwa kaɗai ya ɗora kashi 15 a kan kowane buhu kafin ya kunna inji. Garin da ya ga yadda masaƙun Kakuri suka mutu ɗaya bayan ɗaya, tun daga KTL da aka kafa a 1957, ya san yadda masana'anta ke rufewa: ana fara rage aikin dare, sai a sallami rabin ma'aikata, sai a kulle ƙofa.

Adalci ne mu faɗi abin da ya gyaru. Naira ta daina tangal-tangal ɗin farkon 2024, ɗan kasuwa yana iya yin lissafin wata uku. Babban Banki ya ce ya biya bashin canji da ya gada na kusan dala biliyan 7. Layin mai ya ɓace, kuma bayan matatar Dangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, farashi ya ɗan ja baya daga ƙarshen shekarar. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya riƙe yaran da da sun bar makaranta. Kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. Wannan na ƙarshe shi ne ya dawo da mu kan tambayar farko.

A rahotonsa na Mayun 2025, Bankin Duniya ya ce sai a Janairun 2025 NNPC ya fara zuba ribar cire tallafi a asusun tarayya, kuma rabi yake zubawa, sauran yana biyan tsofaffin basussuka da shi. Wane bashi, na wa, nawa ya rage? Ba a gaya wa 'yan ƙasa ba. Ko uwar adashi takan buɗe littafi ta nuna wanda ya zuba da wanda ya kwasa, in ba haka ba zubi ya tsaya. Abin da muke nema takarda ce mai shafi ɗaya duk wata, da Turanci da Hausa da sauran manyan harsuna, a karanta a rediyo: lita nawa aka sha, ganga nawa aka sayar, nawa NNPC ya cire kafin ya zuba da dalilin cirewar, nawa ya shiga asusu, nawa kowace jiha da ƙaramar hukuma ta samu. Ka sauya shugabannin kamfanin a Afrilun 2025, wannan dama ce ta buɗe littafin tun daga Yunin 2023. A haɗa da matatun mai. Ta Kaduna, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana, wadda aka buɗe a 1980, an ba da kwangilar gyaranta kan kusan dala miliyan 741 a Fabrairun 2023, kafin zuwanka. Ta Fatakwal an ware mata dala biliyan 1.5. Mutanen da ke wucewa ta gaban matatar Kaduna kullum suna da haƙƙin sanin nawa aka biya, kashi nawa na aikin aka yi, da ranar da za ta fara aiki ko a sayar da ita a bainar jama'a.

Rabon kayan rage raɗaɗi ya ƙara wa mutane zargi maimakon ya kwantar musu da hankali. A Yulin 2024 an ce an aika wa kowace jiha tirela 20 ta shinkafa, kowace da buhu 1,200 mai kilo 25. Buhu 24,000 ke nan. Kaduna tana da mazaɓu 255. Idan an raba daidai ba a ɗauke ko ɗaya ba, kowace mazaɓa za ta samu buhu 94, alhali mazaɓa ɗaya a Rigasa ko Tudun Wada tana da gidaje dubbai. Rabon da ba zai kai ga mutum ɗaya cikin ɗari ba, duk wanda bai samu ba zai ɗauka an sace ne, ko da ba a sata ba. Tallafin naira 25,000 na wata uku ga gidaje miliyan 15 ya fi wannan tsari, amma ya yi tuntuɓe tun farko. A Janairun 2024 ka dakatar da ministar jin ƙai, Betta Edu, bayan fitowar takardar da ta nemi a tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata ma'aikaciya. An yaba maka a kan saurin matakin. Daga baya an naɗa wani a kujerar, amma ba mu ga an wallafa sakamakon binciken ba. Idan tana da laifi a kai ta kotu, idan ba ta da shi a wanke ta a fili. Haka rahoton mai bincike na musamman da ka naɗa kan Babban Banki a 2023: abin da jama'a suka sani guntaye ne da suka ɓulla a jaridu.

Hukumar EFCC ta ce a 2024 ta samu hukunci a kan mutum 4,111, ta ƙwato sama da naira biliyan 364, kuma a Disamba kotu ta mallaka wa gwamnati rukunin gidaje 753 a Lokogoma da ke Abuja. Aiki ne babba. Umarnin da ka bayar na a tura naira biliyan 50 daga kuɗin da aka ƙwato zuwa asusun rancen ɗalibai shi ne irin abin da ke sa mutum ya ga amfanin yaƙin da idonsa. Amma duk mai bin labaran kotu ya san galibin waɗanda ake ɗaurewa samari ne masu damfara ta intanet. Shari'ar manya kuwa ba ta ƙarewa. Ta tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye da Jolly Nyame an fara a 2007, sai 2018 aka yanke hukunci, a 2022 kuma gwamnatin da ta gabace ka ta yi musu afuwa. Ta tsohon Akanta Janar na Tarayya, kan naira biliyan 109, tun 2022 take gaban kotu.

Lauyoyin cikinmu sun san inda ake ɓata lokacin. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce a saurari shari'a kullum da kullum. Idan hakan bai yiwu ba, kowane ɓangare ba zai nemi ɗagewa fiye da sau biyar ba, kuma tazarar kada ta wuce kwanakin aiki 14. A aikace alƙali ɗaya yana riƙe da ɗaruruwan ƙararraki, da hannu yake rubuta bayanin shaidu, don haka ɗagewar wata biyu ko uku ta zama ruwan dare. Lauyan wanda ake tuhuma zai ƙalubalanci hurumin kotu, ya kawo takardar asibiti, ya ce an tilasta wa wanda yake karewa yin bayani, sai a buɗe wata ƙaramar shari'a a cikin babbar. Idan aka ɗaga alƙalin zuwa kotun gaba, komai ya koma farko. Abin da ya faru ke nan a Mayun 2020, lokacin da Kotun Ƙoli ta soke ɗaurin shekara 12 da aka yi wa tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, saboda alƙalin da ya yanke hukuncin ya riga ya zama na Kotun Ɗaukaka Ƙara. Gyaran yana buƙatar a ware alƙalai da ba su da wani aiki sai shari'ar dukiyar jama'a, a sa musu na'urar naɗar bayanai, a kuma gyara tsarin mulki yadda alƙalin da aka ɗaga zai iya ƙarasa abin da ya fara. Jam'iyyarka ce ke da rinjaye a Majalisa, kuma an ga yadda aka dawo da tsohon taken ƙasa cikin 'yan kwanaki a Mayun 2024.

Akwai maganar da ta fi kowace ɓata sunan wannan yaƙi a Kaduna: mutane sun yi imani cewa wanda ya shiga jam'iyya mai mulki fayil ɗinsa ya yi barci. Jawabi ba zai kawar da wannan ba, sai an ga na kusa da kai a gaban alƙali, shari'arsa tana tafiya da saurin ta ɗan adawa. Kuma tunda ka nemi talaka ya ɗaure ciki, ya lura da ministoci 45 da aka rantsar a rana ɗaya, da motocin 'yan majalisa, da gidan Mataimakin Shugaban Ƙasa na naira biliyan 21, da sabon jirgin fadar shugaban ƙasa. Ya lura an ba da titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba mai kilomita 700 ba tare da buɗaɗɗiyar gasar neman kwangila ba, alhali hanyar Abuja zuwa Kaduna da aka ba da tun ƙarshen 2017 tana ta cin rayuka da tayoyi har aka soke kwangilarta a 2024. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi majalisar da za ta kula da ba da kwangila. Shugabannin da suka gabace ka ba su kafa ta yadda dokar ta ce ba, kai kana iya kafawa. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayyana kadarorinsa ga jama'a a 2007 ba tare da doka ta tilasta masa ba. Babu abin da ya hana ka yin haka ka kuma umarci ministocinka. Shirin ba masu fallasa ɓarayi ladan kashi 2.5 zuwa 5 da aka fara a Disamban 2016 ya yi sanyi saboda har yau babu dokar da ke kare mai fallasar daga kora ko barazana.

Cin hancin da talaka ke haɗuwa da shi kullum ma yana cikin farashin abinci. Binciken Hukumar Ƙididdiga ya ƙiyasta cewa a 2023 an ba jami'an gwamnati na goro na tsabar kuɗi har naira biliyan 721. Direban da ya ɗauki buhu 300 na masara zai tsaya a shinge bayan shinge, na masu kaki da na masu karɓar haraji da sanda mai ƙusa, kuma duk abin da ya miƙa an riga an lissafa shi a kuɗin mota. Wannan ba ya buƙatar sabuwar doka. Takardar haraji ɗaya daga inda aka yi lodi, lambar waya da direba zai kira a ɗauki mataki, da hukunta shugaban jami'an da aka kama yaransa a kan hanya, sun isa a ga bambanci cikin kaka ɗaya.

Zanga-zangar Agustan 2024, wadda ta kai ga dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, ta nuna inda haƙuri ya kai. Ba mu goyi bayan fasa shaguna da ƙone-ƙone ba, mu ne ma muka yi asara. Amma ganin yara ƙanana suna faɗuwa don yunwa a kotun Abuja a farkon Nuwamba ya ƙona zukatan iyaye a nan, kuma umarnin da ka bayar na sakinsu ya zo ne bayan sun shafe kusan wata uku a tsare.

Ranka ya daɗe, ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura kuɗin ƙananan hukumomi 774 kai tsaye zuwa asusunsu, kuma gwamnatinka ce ta shigar da ƙarar. Har yanzu aiwatarwar tana jan ƙafa. Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 23, kuma a can ne asibitin sha-ka-tafi da makarantar firamare da hanyar fito da amfanin gona suke. Muna roƙon a fara biyan kai tsaye, a kuma wajabta wa kowane shugaban ƙaramar hukuma ya liƙa abin da ya karɓa da abin da ya kashe a allon sakatariya duk wata. Muna kuma roƙon takardar lissafin kuɗin tallafi ta farko, da rahotannin binciken da muka ambata, da farashin da gwamnati za ta sayi hatsin bana, duk su fito kafin ka gabatar wa Majalisa kasafin kuɗin 2026.

Wassalam.

Daga wasu 'yan kasuwa, manoma, akantoci da lauyoyi mazauna Kaduna.